Fitila da iskar kabon a ƙaramin akwatin kifi mai shuke-shuke: da wanne za ka fara?

Akwatin kifina na farko mai shuke-shuke bai yi kwana goma sha biyu ba ya koma kamar kududdufin bayan gari a ƙarshen damina. Laifin kuma nawa ne. Na shiga shagon kayan lantarki na ce a ba ni fitila mai ƙarfi, yaron shagon ya miƙo wata mai wat 30 ya ce, "Yallaɓai, wannan ko filin ƙwallo sai ta haska." Na ɗora ta a kan akwati mai lita 54, ina kunnawa bayan sallar asuba, ba na kashewa sai na dawo daga isha'i. A tunanina gata nake yi wa shukokin. Gansakuka ce ta ci gatan: ta rufe gilashin, ta yi wa ganyayyaki gemu, kifayen ma sai ka kanga ido kafin ka hango su.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, fitila a akwatin kifi wuta ce a ƙarƙashin tukunya. Shuka tana amfani da haske ta haɗa ruwa da iskar kabon, wadda ake rubutawa CO2, ta samar da sukarin da take gina jikinta da shi. Idan ka busar da shuka, fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinta kabon ne. A tudu wannan iska ba ta yi mata wahalar samu, amma a cikin ruwa tafiyarta tana da nawa ƙwarai, ta fi ta cikin sarari jinkiri kusan sau dubu goma. Akwatin da ba a ƙara masa komai ba yakan riƙe miligiram 2 zuwa 3 ne kacal a kowace lita. To ka iza wuta sosai alhali tukunya ba komai a ciki, me zai biyo baya in ba ƙauri ba? Shuka ta tsaya cak don ba ta da abin haɗawa, gansakuka kuwa da ɗan kaɗan take ƙoshi, sai ta mamaye wurin.

Saboda haka tsarin da ke ƙasa ya bar sayen fitila sai bayan zaɓen shukoki da shawarar kabon, duk da cewa ita mutane suke fara saya.

Mataki na ɗaya: san litar akwatinka da inda zai zauna

Ka auna tsawo da faɗi da zurfi da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. Akwati mai 60 da 30 da 30 lita 54 ke nan, kuma da shi zan riƙa misali. Kada ka ajiye shi inda rana ke faɗowa ta taga. Hasken ranar ƙasarmu ya fi ƙarfin duk wata fitila da za ka saya, ga shi ba shi da makunni, kuma yana dafa ruwan.

Mataki na biyu: zaɓi shukokin

Shuka ce ke faɗa maka yawan kabon da hasken da za ka nema, don haka ita ce gaba.

Akwai masu haƙuri, waɗanda ke girma a hankali a ƙarƙashin inuwa. Babbarsu Anubiyas, kuma 'yar gida ce: asalinta rafukan dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da kudu maso gabashin Nijeriya da Kamaru, inda take maƙale a jikin duwatsu da saiwoyin itatuwa, rana ba ta cika taɓa ta ba. Haka Bolbitis, ita ma 'yar Afirka ce mai ganye kamar an yi masa zubi. Sai Java fan daga kudu maso gabashin Asiya, da Kiriptokorin wenditi daga Siri Lanka. Anubiyas da Bolbitis da Java fan ba a binne kauraren jijiyarsu a yashi, ruɓewa take yi. Ɗaure ta ake yi da zare a jikin dutse ko itace har ta kama da kanta.

Wanda ya taɓa wanka a tafki ya san wasu biyu. Jan badon da ake sayarwa da tsada a shagunan Turai da sunan taiga lotus dangin badonmu ne na fadama. Ita kuwa kainuwa, dashen Allah, tana da wata fa'ida da za mu dawo kanta: ganyenta a saman ruwa yake, daga sarari take shaƙar kabon, ba ruwanta da ƙarancinsa a ƙasa. Idan daga tafki ka ɗebo ta, ka ware ta a bokiti na mako biyu kana sauya ruwa, don takan zo da ƙwan dodon koɗi da tsutsotsi.

A ɗaya gefen akwai masu tsada da shagwaɓa: ciyayin da ke shimfiɗuwa a ƙasa kamar darduma, irin su Kuba da Monte Kalo da siririyar ciyawar Eliyokaris, da jajayen Rotala. Hotunansu ne ke jawo mutane cikin harkar, musamman akwatunan salon Takashi Amano, ɗan ƙasar Japan da ya kafa kamfanin ADA a 1982 ya rasu a 2015. Kafin ka yi sha'awarsu ka sani cewa kusan duk akwatin da ka gani a irin waɗannan hotuna akwai tukunyar gas ta CO2 ɓoye a ƙarƙashinsa. Kuba dai ba ta zama sai da ita. Monte Kalo takan daure ba gas, amma sai ka yi watanni kana jiran dardumar.

Mataki na uku: yanke shawarar kabon, da la'akari da wuta da zafin garinku

Nan ne ya kamata ka zauna ka yi wa kanka gaskiya. Hanyoyi huɗu ne, kuma abin da ya fi yawan kabon muhimmanci shi ne daidaituwarsa. Kabon da yau akwai gobe babu ya fi rashinsa gaba ɗaya illa, domin shuka takan ɗauki kwanaki tana gyara jikinta ga yanayin da ta samu, kafin ta gama sai a sauya mata.

Hanya ta farko, kada ka ƙara komai. Numfashin kifaye da ruɓewar kashinsu da ragowar abinci suna samar da ɗan kabon, kuma ya ishi Anubiyas da 'yan uwanta idan hasken bai yi yawa ba. Wasu shukokin, kamar Balisneriya da Egeriya, suna iya ciro kabon daga gishirin bayikabonet da ke cikin ruwa mai nauyi, irin na wasu burtsatse. Ga mai fara harkar, ga kuma wanda wutar unguwarsu ba ta da alƙibla, wannan nake zaɓa masa ba tare da na yi dogon tunani ba.

Ta biyu, ruwan kabon na kwalba, irin su Seachem Flourish Excel da EasyCarbo. Sunan yana ruɗar mutane. Babu iskar CO2 a ciki. Sinadarin dangin gulutaraldehaid ne, wanda asibitoci ke tsabtace kayan aiki da shi, an dai sirka shi sosai. Abin da shuka ke samu na kabon daga gare shi kaɗan ne in aka gwada da gas. Inda ya yi fice shi ne kashe gansakuka, musamman baƙar nan mai kama da gemu: ka kashe filta, wato na'urar tace ruwan akwatin, ka zuƙo awon ranar a sirinji, ka fesa a kan wurin, bayan minti goma ka kunna filtar. Cikin 'yan kwanaki za ka ga gemun ya yi ja ko fari, ya mutu ke nan. Awon Excel na kullum mililita 5 ne ga lita 200, wato akwatin lita 54 bai wuce mililita ɗaya da ɗan ɗori ba. Kada ka auna da murfi ko da ido, sirinji ya fi. A ƙaramin akwati zuba shi fiye da kima yana iya kashe jatan lande da ƙananan kifi. Balisneriya da Egeriya da Rikkiya narkewa suke yi idan ya yi yawa. Yana ƙona ido da fata, don haka a ɗaga shi sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

Ta uku, haɗin gida na sukari da yis. Ka samu robar lemo mai lita 2, ka zuba sukari kamar giram 200, ruwa mai ɗumi zuwa kafaɗar robar, rabin ƙaramin cokali na yis ɗin burodi, da ɗan bekin soda a bakin cokali. Ka huda murfin, ka zura siririn tiyo, ka liƙe gefensa da silikon. Tiyon ya fara bi ta wata ƙaramar roba mai rabin ruwa, don ta tare kumfar yis kada ta shiga akwati, daga nan ya wuce ciki. Yis yana cin sukari yana fitar da CO2 har mako biyu zuwa uku.

Araha ce, amma ba ta ado. Yis da zafi yake aiki: a watan Afrilu zai yi ta aman iska ya ƙare da wuri, da hunturu kuma ya kwanta barci. Ba a rufe masa hanya, in ka toshe tiyon robar fashewa za ta yi. Ma'ana dare da rana yana turawa, alhali da dare shuka ba ta shan kabon, ita ma oksijin take shaƙa kamar kifi. Na ga illar wannan da idona. Wani dare na bazara aka ɗauke wuta wajen ƙarfe ɗaya, filta ta tsaya, saman ruwan ya kwanta lif, robar yis kuwa tana ta aikinta. Da na haska tocila da asuba, duk kifayen sun taru a sama suna haki, bakunansu na buɗewa suna rufewa a fatar ruwan, biyu sun riga sun juya ciki sama. Na zare tiyon, na kwashe rabin ruwan na zuba sabo, na yi ta ɗiba da kofi ina kwararawa daga sama har sauran suka dawo hayyacinsu. Tun ranar, duk wanda zai yi haɗin yis nakan ce ya riƙa zare tiyon daga ruwa kowane dare, ya kuma ajiye ɗan famfon iska mai batir.

Akwai kuma zancen abin da ke saura a robar. Ranar da na fara buɗe ta uwargida ta toshe hanci ta ce, "Malam, burkutu aka koma dafawa a gidan?" Ba ta yi ƙarya ba, ruwan ya zama giya, zubarwa ake yi a makwarara. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da hakan ba yana da mafita: haɗin garin sitirik asid da bekin soda. Shi ba ya tsima, ba ruwansa da zafi ko sanyi sosai, kuma wanda ake sayarwa mai tulun ƙarfe yana zuwa da agogon matsi da makunni, ana iya rufe shi da dare.

Ta huɗu, tukunyar gas. Ita ce mai tsada a farko, ita ce kuma mai kwanciyar hankali daga baya, kuma ita kaɗai zan amince wa idan ana son darduma da jajayen ganye. Tukunya mai kilo 2 takan yi watanni da dama a akwatin lita 54. Kafin ka saya, ka fara gano inda za a cika maka ita a garinku. Masu cika tukwanen kashe gobara da masu gas ɗin walda ne wurin tambaya, kuma ka tabbata CO2 zalla ce, domin tukunyar kashe gobara mai hoda daban take. Yadda ake haɗa ta yana mataki na shida.

Mataki na huɗu: yanzu sai fitila

Manta da lissafin wat. Wat yana nuna wutar da fitila ke ci ne, kuma tsohon lissafin wat kaza ga galan kaza na zamanin dogayen ƙwayayen fuloresan ne. A jikin kwalin fitilar LED nemi lumen, awon yawan hasken da take fitarwa. Kamfanin Tropica na ƙasar Denmak, wanda ya shahara da renon shukokin ruwa, yana da awo mai sauƙin riƙewa: lumen 10 zuwa 20 a kowace lita ga shukoki masu sauƙi, 20 zuwa 40 ga matsakaita, sama da 40 ga masu wuya.

Mu gwada da lita 54. Idan ba gas, ko ruwan kabon kawai kake zubawa, lumen 550 zuwa 1000 ya isa, wato LED mai wat 8 zuwa 10. Idan kana da haɗin sitirik ko yis mai tafiya daidai, kana iya hawa zuwa 1500. Sama da 2000 sai mai tukunya. Fitilar nan tawa mai wat 30 ta ninka abin da akwatin ke buƙata kusan sau uku.

Lumen awon idon mutum ne. Awon da ya dace da shuka shi ne PAR, kuma kamfanonin kirki sukan rubuta shi tare da nisan da aka auna. A ƙasan akwati, 15 zuwa 30 haske ne mai sauƙi, 30 zuwa 50 matsakaici, abin da ya haura 50 mai ƙarfi ne. Idan an rubuta PAR ba a faɗi nisa ba, lambar ba ta da amfani.

Launi ba abin tayar da hankali ba ne. Farar fitila mai lambar launi 6500K, wadda ta yi kama da hasken hantsi, tana reno lafiya lau. Masu ƙwayoyin ja da kore da shuɗi suna ƙara wa jajayen ganye da kifi kyan gani, in aljihu ya yarda. Ka dai kauce wa shuɗiyar fitilar akwatin ruwan teku. Abubuwa biyu ne na fi dubawa: shin ana iya rage ƙarfinta, kuma shin tana jure feshin ruwa, wato an rubuta IP65 ko sama. Fitilar da ake ragewa tana ba ka damar farawa da rabin ƙarfi. Wadda ba a ragewa, kamar ƙaramar fitilar tsakar gida mai wat 10 da ake samu a kowace kasuwa, ɗaga ta ake yi sama da santimita 20 ko 30, ko a bar kainuwa ta rufe sulusin saman ruwan ta yi inuwa. Kainuwar tana kuma shanye takin da ya yi yawa, sai dai kullum kana cikin rage ta.

Idan kana da sola ko inbata, LED mai wat 10 ba ta cin komai, ɗora ta a kai tare da filta. Haske na awa shida kullum a lokaci guda ya fi na awa goma yau, awa biyu gobe.

Mataki na biyar: awannin haske

Fara da awa 6 a rana, na tsawon wata guda. Idan shuka na fitar da sabon ganye kuma gilashi na nan tas, ƙara rabin awa duk mako har ka kai 8, ka tsaya nan. Sayi taima, na'urar da ke kunna fitila da kashe ta a kan lokaci. Mai juyawa kamar agogo yana tsayawa duk lokacin da aka ɗauke wuta, sai ka tarar da fitila a kunne ƙarfe uku na dare. Na dijital mai ɗan batir a ciki yana riƙe lokacinsa. A bazara na fi son hasken ya kama daga la'asar zuwa dare, lokacin ina gida in gani, fitila kuma ba ta ƙara wa zafin azahar zafi ba. Yawancin shukokin nan sun fi jin daɗin digiri 22 zuwa 26. Da ruwa ya haura 30 sukan galabaita, ruwan kuma ba ya riƙe oksijin da yawa. Ƙaramar fanka tana hura saman ruwan takan sauke digiri biyu ko uku.

Mataki na shida: haɗa tukunya da auna iskar

Jerin kayan daga tukunya zuwa ruwa: regileta mai rage matsi, makunnin lantarki da ake kira solanoyid, ƙaramin bawul na daidaita fita, kwalbar ƙirga kumfa, bawul mai hana ruwa komowa baya, sai farin dutsen da ke farfasa iskar ta zama ƙananan kumfa. Ka yi amfani da tiyon da aka yi don CO2. Bayan ka ɗaure komai, shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, inda ya yi kumfa nan ke yoyo. Dutsen kuma ka sa shi can ƙasa, inda ruwan filta zai kwashi kumfar ya zaga da ita.

Tukunyar a tsaye take zama, a ɗaure, cikin inuwa. Iskar a cikinta ruwa-ruwa take, matsinta kusan 57 a ma'aunin bar idan zafi yana digiri 20. Daga digiri 31 ba ta ƙara zama ruwa, kuma matsin cikakkiyar tukunya yana hawa da sauri. A garin da zafin ɗaki ke wuce haka, barin ta a but ɗin mota da rana ko kusa da janareto ganganci ne. Agogon matsin ba ya sauka a hankali kamar na man mota: yana nan wuri guda har sai ruwan ciki ya ƙare, don haka da ka ga allura ta fara faɗuwa, lokacin ciko ya yi.

Solanoyid yana da wata baiwa da ta dace da mu: da wuta ta ɗauke yake rufewa da kansa. Sa shi a taimarsa daban, ya buɗe awa ɗaya zuwa biyu kafin fitila ta kama, ya rufe awa ɗaya kafin ta mutu. Fara da kumfa ɗaya duk daƙiƙa biyu.

Abin da ake nema miligiram 20 zuwa 30 ne a lita. Ƙirga kumfa ba ya gaya maka ka kai ko ba ka kai ba. Akwai 'yar kwalbar gilashi da ake maƙalawa a ciki, diraf ceka, ana zuba mata ruwan awo mai nauyin 4 dKH (dKH awon bayikabonet ɗin ruwa ne) da launin buromotaimol. Shuɗi, iskar ta yi kaɗan. Kore kamar ɗanyen lemon tsami, daidai. Rawaya, ta yi yawa, rage nan take. Sai dai labarin da take ba ka na awa ɗaya ko biyu da suka wuce ne. Hanya ta biyu ita ce awon pH, wato awon tsamin ruwa. Ɗebi ruwan akwatin a kofi ka bar shi ya kwana biyu a buɗe, ka auna. Sannan ka auna na cikin akwati lokacin da fitila ta kama. Idan na akwati ya gaza na kofi da maki ɗaya, misali daga 7.6 zuwa 6.6, iskar ta ninka sau goma ke nan, daga wajen 3 zuwa wajen 30.

Duk ƙarin da za ka yi, ka yi shi ranar da kake gida, kaɗan-kaɗan, ido na kan kifi. Kifin da ya hau sama yana haki ya fi kowace kwalba faɗin gaskiya. Ka bar saman ruwan yana ɗan motsi koyaushe. Za ka yi asarar 'yar iska, amma oksijin zai riƙa shiga.

Mataki na bakwai: karanta akwatin na mako shida

Da ka ƙara haske da kabon, yunwar taki ma ta ƙaru. Akwatin Anubiyas mara gas takin ruwa sau ɗaya a mako ya ishe shi, da sauya kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Mai tukunya yana son taki mai naitirojin da fosfarus da fotasiyam da sinadarin ƙarfe sau biyu ko uku a mako, da sauya rabin ruwa duk mako.

Ƙasa-ƙasan ƙura a gilashi da ganye a makonnin farko ba abin damuwa ba ce, sabon akwati ya gaji haka, goge ta kawai, za ta wuce. Kiriptokorin ma takan zubar da ganye duka bayan dashe, kada ka tuge ta, saiwar na nan da rai. Koren zare mai tsawo yana nufin haske ya fi ƙarfin kabon: rage awa ɗaya ko ka ɗaga fitila. Baƙin gemu a bakin ganye da bakin filta yawanci alamar kabon mai hawa da sauka ce, duba robar yis ko yoyon tiyo. Shukar da ta yi tsawo siririya, tazarar ganyenta ta yi nisa, na ƙasa suna zubewa, ita ce ke neman ƙarin haske, kuma a nan kaɗai nake ƙarawa.

Abu ɗaya za ka sauya a lokaci guda, ka rubuta ranar a jikin takarda ka manna a gefen akwati, ka ba shi mako biyu. Sabon ganye kake dubawa, don tsohon da ya riga ya lalace ba ya warkewa, yanke shi ake yi da almakashi daga gindi.